Bakin fiffike: inda masu ƙera jirgi a gida ke saɓani

A Faransa da Amurka da wasu ƙasashen Turai akwai wata jama'a wadda sha'awarta ita ce ƙera jirgin sama a cikin gida. Ba ma'aikatan wani kamfani ba ne. Wani malamin lakkol ne, wani ma'aikacin gidan waya, wani ɗan kasuwa mai kanti. In ya tashi daga aiki sai ya shige garajinsa ya duƙufa kan sassaƙa da ƙira, shekara uku, shekara biyar, wani har goma, kafin ranar da zai fito da ɗan jirginsa mai kujera ɗaya ko biyu, hukuma ta duba ta ba shi takarda, ya shiga da kansa ya tashi. A Faransa, Henri Mignet ne ya buɗe wannan ƙofa a 1934, da ya wallafa littafin da ke koya wa talaka yadda zai haɗa jirgi da katako da ƙyalle da injin babur. A Amurka kuwa an kafa ƙungiyarsu, EAA, a 1953, kuma kowace shekara sukan yi taro a garin Oshkosh, inda jirage kimanin dubu 10 ke sauka.

To, a jikin jirgin nan akwai wata ƴar gaɓa da ba ta rabuwa da musu a tsakaninsu, wato bakin fiffike, can ƙarshensa inda ya yanke. A bar shi a datse? A kewaye shi kamar ƙwarya? A lanƙwasa shi ƙasa, ko a tayar da shi sama? Abin da ya sa musun ba ya ƙarewa shi ne, ita ce gaɓar da mai ƙira ke iya canzawa ba tare da ya rushe sauran aikinsa ba, kuma ita ce baƙo ke fara gani. Sa'an nan duk wanda ya hau babban jirgi daga Yamai zuwa Jidda ko Paris, ya leƙa ta taga, ya ga yadda bakin fiffiken ya miƙe tsaye kamar zankon zakara. Mai ɗan jirgi shi ma ya gani, kuma ransa ya biya. Tambayar ita ce ko abin da ya amfani babba zai amfani ƙarami.

Haraji biyu

Fiffike yana ɗaukar jirgi ne domin iskar da ke ƙarƙashinsa ta fi wadda ke bisansa matsi. A tsakiyar fiffike iskar ƙasa ba ta da hanyar haurawa, amma a baki babu shinge. Sai ta zagayo ta kan bakin tana neman inda matsi ya yi sauƙi, ga jirgi kuma yana gaba, saboda haka abin ya zama guguwa a kwance, ɗaya dama ɗaya hagu, suna biye da jirgi kamar igiya biyu da aka murɗa. Ido ba ya ganinta sai ta sami abin ɗauka. Manoman da suka kalli ƙananan jiragen feshi lokacin farin dango na 1988 da na 2004 sun gan ta: hazon magani yakan nannaɗe a ƙarshen fikafikan, ya yi sama kafin ya sauko. Dalili ke nan da ya sa ba a kai bututun feshi har baki. Ana tsai da shi wajen kashi uku cikin huɗu na tsawon fiffike, don kada guguwa ta kwashe magani ta kai gonar da ba a nufa ba.

Murɗa iskar nan ba kyauta ba ne, inji ke biya da mai. Za mu iya cewa jirgi haraji biyu yake biyan iska. Na farko harajin gogayya, wanda kowane abu mai ratsa iska ke biya, mota ce ko babur. Shi wannan, in gudu ya ninka biyu sai ya ninka huɗu. Na biyu harajin guguwa, wanda halinsa akasin haka ne: in gudu ya ninka biyu sai ya koma rubu'i. Ya fi cizo a lokacin tashi da hawa da sauka, da kuma ranar da aka cika jirgi da kaya.

Masu karatu ƴan kasuwa, ga lissafin. Kowane jirgi yana da wani gudu inda harajin biyu ke yin kunnen doki. Mu ɗauka a nan kowanne dala 100 ne. In matuƙi ya ninka wannan gudu, abin da ƙananan jirage masu sauri ke kusantar yi a doguwar tafiya, gogayya ta zama dala 400, guguwa ta faɗo dala 25. Yanzu a kawo wani bakin fiffike na ƙwarai wanda ke rage guguwa da kashi 10 cikin 100. Ribarsa dala biyu da rabi ce cikin 425, ba ta ko kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Shi kansa bakin kuma yana da jiki, jikin nan yana gogar iska, yana biyan nasa haraji. Sau da yawa abin da ya ci ya fi abin da ya kawo.

Akwai kuma abu na biyu da lissafi ya tabbatar: babban maganin guguwa shi ne tsawon fikafikai daga baki zuwa baki. In aka ƙara tsawon da kashi 5 cikin 100, harajin guguwa yakan sauka da kusan kashi 10. Duk wata siffa da ake yi wa baki, dabara ce ta sa iska ta ɗauki fiffike kamar ya fi yadda yake tsawo. Ungulu ma dabararta ke nan. Ku dube ta da rana tana shawagi bisa mahauta, gashin bakin fikafikanta a warwatse kamar yatsu, kowane gashi yana raba guguwar gida-gida.

Alƙalamin Hoerner

Tun kafin jirgi mai inji ya tashi aka san da matsalar. A 1897 wani Bature na Ingila, Frederick Lanchester, ya yi rajistar dabarar kafa faifai a tsaye a bakin fiffike don ya tare iska. Faifan yana tarewa, amma gogayyarsa takan cinye ribar. A 1918 Ludwig Prandtl, a jami'ar Göttingen ta Jamus, ya fitar da lissafin da har yau ake aiki da shi, wanda ya nuna guguwa ta fi sauƙi in ɗaukar fiffike tana raguwa sannu a hankali daga gindi zuwa baki. Daga nan maƙeran shekarun 1930 suka rungumi baki kewayayye, kuma babu musu ya fi kyan gani.

Wanda ya ɓata wa kewayayyen baki suna shi ne wani Bajamushe, Sighard Hoerner. Ya yi aiki a kamfanin Fieseler a kan jirgin nan mai tashi a ɗan gajeren fili da ake kira Storch, wato shamuwa da Jamusanci, bayan yaƙin duniya na biyu kuma ya koma Amurka. Abin da ya nuna yana da ban mamaki: baki mai sulɓi kamar ƙwarya sauƙaƙa wa iska zagayowa yake yi, sai guguwa ta haɗu tun kafin ƙarshen fiffike, fiffiken ya yi aiki kamar an gutsure shi. Wanda aka datse kawai da kaifi, ba ado ba komai, ya fi shi. Shi kuwa Hoerner ga yadda ya tsara nasa: saman fiffike ya tafi a miƙe har ƙarshe, ƙasan kuma a fiƙe shi ya hau ya tarar da saman a kan kaifi, kamar yadda ake fiƙe alƙalamin kara. Iskar da ta taso daga ƙasa sai kaifin ya cilla ta waje, guguwa ta haɗu nesa kaɗan da baki.

A ganinmu, cikin duk siffofin, wannan ce ta fi dacewa da mai ƙira a gida. Ba ta da nauyi, ba ta da wuyar yi da alminiyom ko da zaren gilashi da ƙaro, kuma ba ta ɗora wa fiffike wani sabon kaya mai yawa. Chris Heintz, injiniyan da ya yi aiki a Faransa kafin ya koma Kanada, ita ya sa wa jirginsa CH 701 na 1986, wanda mutane da dama suka haɗa a gida don sauka a gona da daji. Sai dai a faɗi gaskiya: tashin da jirgin nan ke yi a ɗan fili, yawancinsa daga wata tsaga yake da aka yi a gaban fiffike tun daga gindi har ƙarshe. Baki taimako ne kawai.

Baki mai lanƙwasa ƙasa kuwa ba za mu daɗe a kansa ba. Masu sayar da shi suna yabonsa a kan tafiya sannu, kuma akwai ɗan abin da yake yi a nan. Amma in fiffike a ƙasan jirgi yake, bakin na kusantar ciyawa ranar da iska ta bugo daga gefe. In a sama yake, yakan tare wa matuƙi gani, ya kuma fasa goshin mai wucewa.

Zankon manyan jirage

Wanda ya tayar da bakin fiffike sama yadda muke gani a yau shi ne Richard Whitcomb, na hukumar NASA ta Amurka, bayan tsadar mai ta 1973. Turawa na ce wa abin wingilet, mu kuwa bari mu kira shi zanko. Ba faifan Lanchester ba ne. Ɗan fiffike ne cikakke, da aka kafa a karkace ta yadda iskar da ke murɗawa za ta tura shi gaba kaɗan. Whitcomb ya bayyana sakamakonsa a 1976, aka gwada a kan babban jirgin soja KC-135 a 1979 da 1980, aka ga tafiyar da mai ke kai jirgi ta ƙaru da wajen kashi 6 da rabi cikin 100. Ga kamfanin da jiragensa ke kwana a sama, wannan dukiya ce.

Masu son zanko a ƙaramin jirgi suna da hujja guda mai ƙarfi: tun kafin manyan jirage, ɗan jirgin gida ne ya tashi da shi, wato VariEze na Burt Rutan, a 1975. Haka ne. Amma a dubi jirgin. Ba shi da wutsiya irin ta sauran, injinsa a baya yake, fikafikansa sun koma baya sosai. Dole ne ya sami wani abu a tsaye da zai riƙe masa hanya, sai Rutan ya kai abin nan bakin fiffike, ya zama wutsiya ya kuma zama zanko. Tafiya ɗaya, aike biyu. Mai jirgin da ya riga yana da wutsiyarsa ba shi da wannan rangwame.

Su kuwa manyan jirage, abu biyu ya kai su. Na ɗaya, suna tafiya ne can bisa inda iska ba ta da kauri, ga nauyi, har harajin guguwa yakan kai kusan kashi 40 cikin 100 na abin da suke biya. Na biyu, an yi musu iyaka. A filayen jirage kowane rukuni yana da faɗin wurin tsayawarsa, kuma rukunin Boeing 737 da Airbus A320 ba ya kai mita 36. Shi ya sa dukansu biyu, da zankonsu, suka tsaya a mita 35,8. Kamar ɗan kasuwa ne da maƙwabta suka matse rumfarsa dama da hagu: tun da babu wurin faɗaɗawa, sai ya yi bene. Jirage marasa inji da ake gasa da su a rukunin mita 15 su ma doka ce ta hana su ƙara tsawo, kuma su kullum cikin tafiya sannu suke, don haka zanko ya karɓe su. Mai ɗan jirgi a gida, wa ya yi masa iyaka in ba ƙofar rumfar da yake ajiye shi ba? In don gudu yake son zanko, kallon kitse yake yi wa rogo.

Azara

To, sai a ce ya ƙara tsawo kawai, tun da shi ne magani. Nan ne rai ya shigo cikin maganar. A cikin kowane fiffike akwai ƙashi guda da ya ratsa shi daga gindi zuwa baki, kamar azara a rufin soro, kuma shi ke ɗauke da jirgin. Ɗan ga-ruwa ya san in ya matsar da garwa can ƙarshen sandarsa, ruwan bai ƙaru ba amma sandar ta fi lanƙwasa. Haka yake ga fiffike. Ƙarin tsawo da zanko duka suna matsar da ɗauka zuwa waje, azara kuma a gindi take jin abin. Mai tsara jirgi ya riga ya yi lissafinta: ƙa'idar da aka saba bi ga jirgin yawo ita ce fiffike ya jure ninki 3,8 na nauyin jirgi, na wasan juyi a sama ninki 6, sa'an nan a ƙara rabin haka don ko-ta-kwana. Wanda ya ƙara wa kowane gefe taki ɗaya ba tare da sabon lissafi ba, wannan ajiya yake ci bai sani ba. Ba zai ji komai ba a rana mai lafiya. Sai ranar da ya faɗa ramin iska da jirgi a cike.

Nauyi a baki shi ma yana da nasa hali. Wasu kan mai da bakin tankin mai, kamar yadda kamfanin Cessna ya yi wa jirginsa 310 tun a shekarun 1950. A sama nauyin yana ɗan sauƙaƙa wa azara, domin yana danne bakin da iska ke ɗagawa. Amma yana sa jirgi nawa wajen karkata, yana wahalar da fita in jirgi ya shiga wulwulawa, yana kuma iya tayar da abin da matuƙa suka fi tsoro, wato makyarkyata. Fiffike yakan kama kaɗawa da kansa, iska na ƙara masa, cikin ƴan daƙiƙu ya ɓalle. Steve Wittman, wanda filin jirgin Oshkosh ke ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru sama da sittin yana ƙera jirage, yana kuma cikin waɗanda suka gwada siffofin baki a kan jirginsa Tailwind. A watan Afrilu na 1995, yana da shekara 91, shi da matarsa suka rasu cikin wani jirgin da ya ƙera, bayan ƙyallen da ya rufe fiffike ya saki, makyarkyata ta kama. Ba baki ne ya jawo ba, amma abin lura shi ne ƙanƙantar dalilin da kuma gwanintar mutumin. Jirgin Mignet ma, a 1935 da 1936, ya kashe matuƙa da dama kafin gwaji ya gano yadda fikafikansa biyu ke ɓata wa juna iska in an sunkuyar da hanci, aka hana shi tashi sai da aka gyara. A wannan sana'a garin neman gira ba ido kaɗai ake rasawa ba.

Akwai wata tambaya da ta fi ta gudu muhimmanci, ita ce wane ɓangare na fiffike ke fara sakin iska in jirgi ya yi sannu fiye da kima. In gindi ne, hanci ya sunkuya, matuƙi ya ƙara wuta ya wuce. In baki ne, gefe ɗaya ke faɗuwa, kuma a nan ne eleron yake, wato ɗan ƙyauren da ake karkata jirgi da shi, sai ya zama ba ya jin magana daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Kusa da ƙasa wannan ba shi da gyara. Saboda haka ake ɗan murɗa ƙarshen fiffike ƙasa da digiri biyu ko uku. Faransawa biyu, Édouard Joly da surukinsa Jean Délémontez, sun kai dabarar nesa a jirginsu Jodel, wanda ya fara tashi a watan Janairu na 1948. Maimakon su yi wa baki ado, sai suka karya ɓangaren waje na fiffike ya dubi sama, suka tsuke shi, suka murɗa shi sosai. A cikin gudu ɓangaren nan ba ya ɗaukar kaya mai yawa, sai jirgi ya yi sannu yake kama aiki. Har yanzu fiffiken nan ne a jikin Robin DR400, wanda ɗimbin matuƙan Faransa suka koyi tuƙi a cikinsa.

Cewa aiki ne ke zaɓen baki, sojan Ingila sun nuna shi a yaƙin duniya na biyu da jirginsu Spitfire. Tsawon fikafikansa na asali ya ɗan haura mita 11. Wanda zai yi faɗa kusa da ƙasa sai a cire masa baki ya dawo ƙasa da mita 10, don ya yi saurin juyawa. Wanda zai hau can ƙololuwa sai a sa masa dogon baki mai tsini ya wuce mita 12. Jirgi ɗaya, baki uku.

Misali na kusa da mu yana Kaduna. Jirgin koyon tuƙi na sojan saman Najeriya da ake kira Air Beetle, wanda aka haɗa kimanin 60 a can daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa cikin 1990, asalinsa jirgin gida ne, RV-6A na kamfanin Van's na Amurka, wanda jiragensa fiye da dubu 11 suka tashi a duniya. Fiffiken RV-6 faɗinsa ɗaya ne daga gindi har ƙarshe, kamar allo, tsawonsa mita 7, bakinsa mai sauƙi irin na Hoerner. Babu zanko, kuma ba a san shi da rashin gudu ba. Sai dai a ƙasa mai zafi lissafin yakan ɗan juya. Iskar bazara mai digiri 45 ta fi ta digiri 15, wadda ake lissafin jirage da ita, rashin kauri da kusan kashi 10 cikin 100. Inji ya rage ƙarfi, fili ya yi wa jirgi kaɗan, hawa ya yi nawa. A irin wannan wuri ɗan ƙarin tsawo yana da daraja, muddin wanda ya tsara jirgin ne ya yi lissafin azarar ya yarda.

Hukuma ma ba ta ɗauki canza baki a matsayin fenti ba. A Amurka sabon jirgin gida yakan yi awa 25 ko 40 na gwaji a keɓaɓɓen yanki kafin ya ɗauki fasinja, kuma duk wanda ya yi wa jirginsa babban canji sai ya koma gwaji na aƙalla awa 5. Masu hankali cikinsu sukan auna jirgi da tsohon baki tukuna, da sassafe kafin iska ta motsa, a tsayi ɗaya da nauyi ɗaya, su rubuta. Sa'an nan su sa sabon, su tabbatar dama da hagu sun yi daidai, domin saɓanin da bai kai kaurin yatsa ba ya isa ya sa jirgi ya riƙa rinjaya gefe guda. Sukan liƙa gajerun zaren ulu a bisa fiffike su ɗauki hoto a sama: inda zare ya kwanta iska na tafiya lafiya, inda ya tashi yana rawa ta saki. Kuma ko wace siffa aka zaɓa, da ƙusa mai kwancewa ake ɗaure ta, domin a cikin bakin ne fitilun dare suke, ja a hagu kore a dama, wani lokaci har da eriyar rediyo, kuma shi ne ke fara cin karo da ƙofar rumfa in ana tura jirgi ciki da yamma.